Yadda Na Goge Muryar Kawu Manu

Da za a ba ni dama in warware abu ɗaya cikin abin da hannuna ya aikata a duniya, ba zan tsaya dogon tunani ba. Zan koma wata safiyar Alhamis a shagona na unguwar Nasarawa, in janye yatsana daga kan maɓallin kwamfuta, in kira 'yata a waya. Ku 'ya'yana da jikokina kun taso kuna jin ana cewa Rabi ce ta goge muryar Kawu Manu. Wasu sun faɗa a gabana ban ce uffan ba. To, ba ita ba ce. Ni ne. Na rubuta wannan babi don in sauke mata kayan da ba nata ba, tun ina da sauran idon da zan ga haruffa.

Karatuna bai yi nisa ba. Daga firamare na koyi buga tafireta, da ita kuma na yi aikin gwamnati a Birnin Kebbi har na yi ritaya. A ofis aka koya mini abubuwa biyu da na riƙe kamar karatun allo. Na farko daga mai sitonmu ne: duk injinan ofis su zama iri ɗaya, masu cin ribin, wato zaren tawada, iri ɗaya, don in ɗaya ta lalace a ciro kayanta a sa wa 'yar'uwarta. Na biyu shi ne takarda ba ta fita sai da kwafi. Ka sa kabon biyu, asali ya tafi, kwafi ya shiga fayil, na uku ya shiga wani fayil ɗin daban. Da waɗannan dokoki biyu na yi shekara talatin da biyar ba a taɓa ba ni takardar gargaɗi ba. Da su kuma na yi ɓarnar da zan ba ku labari.

Bayan ritaya na buɗe shago, ina buga wa mutane takardu, ina cike musu fom a intanet. Ina da tsofaffin kwamfutoci uku da na saya a gwanjo. Rabi ce ta tayar da su. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa nake ce mata Inno. Lokacin tana karatun kwamfuta a kwalejin kimiyya ta nan garin, ita ta sa musu Linux, wato babbar manhajar da take tafiyar da kwamfuta gaba ɗaya, wadda ake ba kowa kyauta, duk mai ilimi kuma yana iya buɗe cikinta ya gyara. Injinan da aka yi wa kallon gawa suka tashi suna aiki, har na riƙa yabon ta wajen abokaina, ko da yake ban taɓa yabon ta a gabanta ba.

Kawu Manu ƙanen mahaifiyata ne, masunci a Argungu. A lokacin idonsa ya fara rufewa, amma gulbi yana nan cikin kansa. Ya san sunan kowane gurbi da kifi yake kwana, ya san wanda ake bari ya huta da watan da ake komawa gare shi, ya san inda ruwan gidansu ya tsaya na maƙwabta ya fara, da dalilin da ya sa kakanni suka raba shi haka. Wani suna da muka je, na ji yana yi wa wani jikansa faɗa don ya kira wani gurbi da sunan da ba nasa ba. Da aka watse sai ɗansa Ɗantani ya ja ni gefe. Ɗantani taubashina ne, shi ɗan namiji ni ɗan mace, tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba.

"Bawana," in ji shi, "ka ƙare ƙuruciyarka kana buga maganar manyan Birni. Ga tsoho nan shina shirin tahiya da gulbi duka cikin kai nai. Ko sai an ba ka oda da hatimi?"

Na ce, "Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, me ka sani game da oda?"

"Shi ya sa Allah ya ba ni bawa mai rubutu," in ji shi.

Haka aka yi na sayi sabuwar kwamfuta da 'yar kamara don wannan aiki. Ranar da aka kawo ta, bayan la'asar, Rabi ta zo shago da faifai biyu, kowanne ta yi rubutu a kansa da alƙalami. Ɗaya talatin da biyu, ɗaya sittin da huɗu. Ta ce Linux ɗin iri ɗaya ne, amma ana yin sa kashi biyu, saboda ƙwaƙwalwar kwamfuta ma iri biyu ce. Akwai matsattsiya, mai ɗaukar abu kaɗan-kaɗan, ita ce talatin da biyu. Akwai faffaɗa mai ɗaukar ninkinsa a lokaci guda. Tsofaffina uku matsattsu ne, faffaɗar manhaja ba za ta shiga cikinsu ba ko an yi mata dole. Sabuwar kuwa faffaɗa ce, tana karɓar kowanne aka ba ta.

"To ai magana ta ƙare," na ce. "Wanda yake shiga duka huɗun shi za a sa."

"Baba, zai shiga, amma kamar ka haƙa babbar hanyar ruwa ce a fadama ka toshe bakinta ka bar ƙofa kamar ta tulu. Bidiyo abu ne mai nauyi. Kuma masu yin manhajar sun fara janye hannu daga matsattsiyar. Wata rana za a daina yi mata sababbin kaya."

"Wata rana kowa ma zai mutu. Ni ina son abin da in wannan ta lalace zan ɗauki faifai ɗaya in gyara ta, ba sai na tsaya ina karanta wane ne na wace ba."

"Ba ribin ba ne, Baba."

Wannan kalma ce ta ɓata mini rai, don ta san labarin mai sito, ta sha jin sa a bakina. Sai ta sassauta murya ta ce in dai ji abu ɗaya. In aka sa matsattsiya yau, babu yadda za a faɗaɗa ta daga baya. Sai dai a goge komai, a fara daga farko. Na ji ta sarai. Ba zan ce ban ji ba. Amma akwai mutum biyu zaune a benci suna jiran takardunsu, suna saurare, ɗayansu har yana murmushi.

Na ce, "Inno, tun kafin a haifi uwarki nake gaban inji. Sa wanda na ce."

Ta ɗauki faifan. Ta sa matsattsiyar, ta gwada firinta, ta ajiye ɗaya faifan a aljihun tebur, ta tafi gida taya uwarta girki.

Wannan shekarar ita ce mafi daɗi a tsufana. Duk Asabar ina shiga mota da sassafe in tafi Argungu. Kawu yana zaune a zaure kan tabarma, homar kamun kifi da gora rataye a bayansa, ni ina kafa kamara kan turmi da aka kife. Kafin ya fara sai ya yi gyaran murya sau biyu ya tambaye ni inda muka tsaya. Daga nan sai ya bi gulbi da baki, gurbi bayan gurbi, daga sama zuwa ƙasa. Yana faɗin inda giwan ruwa yake fakewa in ruwa ya ja baya, da inda ba a jefa taru don kada a kwashe ƙananan, da shekarar da gulbi ya sauya hanya har gida biyu suka zauna suka sake yanka iyaka. Wani lokaci ya manta da ni ya kama waƙar tuƙi, tsofaffin da suka zo gaishe shi su amsa masa. Ɗantani yana leƙowa ya ce kada a ba bawa fura sai ya cika kati. Katin kamarar ɗaya ne, kuma ƙarami. In na dawo Birni sai in juye shi cikin sabuwar kwamfuta, in goge shi don Asabar mai zuwa. Kuma ban yi sakaci ba, a ganina. Kowane bidiyo ina yi masa kwafi uku. Na buɗe folda uku, na sa musu suna asali, kwafi, da kwafi na uku, kamar yadda aka koya mini. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina ba ko fayil uku suna da amfani in duk a kabad ɗaya suke. Rabi ta taɓa tambayata ko na ajiye kwafi, na ce har uku. Ta ce madalla. Tun ranar faifan ta daina bin diddigin maganata, ni na koya mata haka.

Alamar farko ba ta jima ba. Niyyarmu a haɗa bidiyoyin, a yanke inda Kawu yake tari ko akuya ta shigo, a buga wa kowane gida faifai. Amma da na ɗora dogon bidiyo kan manhajar yankan, sai ta yi nishi ta rufe kanta. In sake, ta sake mutuwa. Injin yana da ƙarfi, manhajar ce ba ta iya kai hannu ga ƙarfin. Na gane abin da Rabi ta faɗa ne yake faruwa, kuma saboda na gane ɗin ne ban gaya mata ba. Na ce wa Ɗantani aikin yana son natsuwa. Na fara sauraro ina buga maganar a takarda, na yi shafi goma sha ɗaya, aikin shago ya taso na ajiye. Kawu ya rasu da kaka, ana yankan shinkafa. A wajen zaman makoki mutane suna ta cewa ai Kawu bai tafi duka ba, yana nan wajen Malam Garba a Birni. Ni kuma ina sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Rabi ta gama karatu, ta sami aiki, ta yi aure, ta tare a unguwar Gesse. Ku da kuka san garin kun san tsakanin Nasarawa da Gesse ba tafiya ba ce. Ɗan sahu ɗaya ne. Shekaru suka wuce bidiyoyin suna kwance. Sai wata ranar da ta faɗa ta zo. Shafukan da nake cike wa mutane fom suka fara ƙin buɗewa, suna cewa manhajar shiga intanet ɗina ta tsufa. Na nemi sabuwa, na tarar ba a yi wa matsattsiya. Mutum zai zo da takardun ɗansa, ya zauna, ya ga ina ta fama, ya tattara ya tsallaka shagon gaba. Ban gaya wa kowa ba, amma Hajiya, mahaifiyarku, ta ga ina dawowa gida tun kafin la'asar.

"Malam, ka kira yarinyar nan mana."

"Wace yarinya?"

"Kana da wata mai ilimin injin ban da ita? Kullum ka dawo kana huci kamar wanda aka kora daga biki. Tuwo ma ka daina sanin ɗanɗanonsa."

Na ce ta bar ni da aikina. Ba ta bar ni ba. Ranar Laraba ta je Gesse, ta dawo da ɗan filashi ƙulle a bakin mayafinta. Ta ce Rabi ta sa sabuwar faffaɗar a ciki, amma ta ce a gaya mini kada in taɓa komai sai ta zo ranar Asabar da faifan ajiya na waje, ta kwashe kayan Kawu tukuna. Hajiya ta maimaita sau biyu, har ta ce in maimaita mata. Na ce ni ba ɗan makaranta ba ne.

Abin da ya hana ni jiran Asabar ba gaggawar aiki ba ce. Na sha gaya wa kaina haka, ƙarya ce. Kwana biyu ba za su kashe shago ba. Abin da ban so ba shi ne in zauna a benci kamar baƙo, 'yata tana kan kujerata tana warware abin da na ƙulla, ko da ba ta ce komai ba. Shirunta ma na ji tsoronsa. Na so ta zo ta tarar an gama, in ce mata ai ba wani abu ba ne. Da safiyar Alhamis na buɗe shago, na soka filashin, na bi matakan yadda na ga tana yi. Aka zo inda injin ya tambaye ni ko ya goge faifan ciki duka. Turancina ya isa in karanta wannan. Har ya sake gargaɗi cewa duk abin da yake ciki zai tafi. Na tsaya. Na tuna da Kawu. Sai na ce a raina, ai uku ne, in ɗaya ya tafi biyu suna nan. Na danna.

Kafin azahar injin ya tashi fes, yana gudu kamar ba shi ba. Shafukan suka buɗe. Na nemi folda ukun ban gan su ba. Na ce wataƙila sabon tsari ya kai su wani lungu. A nan ne na yi kuskure na uku, wanda ya rufe ƙofa. Maimakon in kashe injin in kira ta, sai na ci gaba da aiki a kansa, Alhamis da Juma'a. Na sauke duk sababbin kayan da ya nema, na cike fom, na juye hotunan wani biki da aka kawo mini. Ina aiki ina bincike, ina fatan in gano su kafin Asabar.

Ta zo da hantsi, goye da ɗanta, faifan ajiyar a jaka. Ta gaishe ni har ƙasa. Da ta ɗaga kai ta ga fuskar kwamfutar, sai ta tsaya.

"Baba, yaushe?"

"Shekaranjiya."

"Kwafin da ka ce kana da su, suna ina?"

Na nuna injin da hannu.

"Duka ukun?"

Na gyaɗa kai. Ta kwance goyon ta miƙa mini yaron, ta zare wayar wuta da kanta. Ta tambaye ni ko na yi aiki a kansa tun ranar. Na ce kaɗan. Ta ce in faɗa mata gaskiya, don ta san abin da za ta nema. Na faɗa. Ta yi bayani a hankali, ba tare da ta dube ni ba, cewa abin da aka goge yana nan kwance a faifai har sai an rubuta wani abu a kansa. Da na kashe tun Alhamis, da an ceto da yawa. Ta cire faifan cikin injin ta haɗa da kwamfutarta, ta zauna a kai har la'asar, ta tafi da shi gida ta yi mako biyu. Abin da ta samo gutsattsari ne. Hoton da ba murya, muryar da ta zama ƙara, rabin fuskar Kawu a haɗe da rabin amaryar mutane. Guda ɗaya ne kawai ya fito lafiya, bai kai tsawon numfashi uku ba.

Ranar Asabar ɗin wani ɗan'uwanmu daga Argungu ya biyo ta shago, ya ga Rabi da faifai a hannu, idonta ya yi ja. Kafin in je da kaina labari ya riga ni: 'yar boko ta taɓa inji ta goge Kawu. Na tarar da Ɗantani a bakin gulbi yana ɗinkin taru. Na zauna kusa da shi. Ya ci gaba da ɗinkinsa ya ce:

"An ce ɗiyarka ta yi muna aiki."

Ga inda ya kamata in buɗe baki. Kalma uku ce, ba ita ba. Na dubi ruwa na ce, "Ƙaddara ce."

"Ba a tsira da ko kaɗan ba?"

"Akwai shafi goma sha ɗaya."

"Har ina sunka kai?"

Na faɗa masa gurbin da na tsaya. Ya yi 'yar dariya marar daɗi, ya ce ai nan ko yara sun sani, ko unguwarsu ba a fita ba. Ya ja zare ya ɗaure. Da zan tafi ya raka ni har bakin hanya, ya ce, "Allah shi kiyaye hanya, Malam Garba." Tun daga ranar bai sake ce mini bawansa ba. Yana gaishe ni da ladabi, kamar yadda ake gaida ma'aikacin da ya zo daga Birni.

Bayan shekara biyu gulbi ya sake cin gaɓa, rigima ta tashi tsakanin gidan Kawu da maƙwabtansu kan wani gurbi. Kowa ya san Kawu ya yi bayanin wannan iyaka, ni da kaina na ɗauka, na tuna har da yadda ya zana ta da yatsa a kan tabarma. Aka aiko a tambaye ni abin da ya ce. Na zauna na matse kaina, ban iya tuna ko daga kukar bakin gulbi ya ce ko daga tsohuwar mashaya ba. Lokacin da yake magana hankalina yana kan kamara, na bar mata aikin riƙewa. Gidajen nan biyu da suke aurayya tun kakanni yau ba sa zuwa sunan juna. Rabi kuma ta daina zuwa Argungu, don ta gaji da yadda mata suke yin shiru in ta shiga. Ba ta taɓa tona ni ba. Hajiya ta sani, ta yi mini magana sau ɗaya, ta ce, "Malam, yarinyar nan sunan uwarka gare ta." Ta rasu ban gyara ba.

Na rufe shago. Tsofaffin injinan uku da na zaɓi matsattsiya dominsu, ko shekara biyu ba su ƙara ba bayan ranar faifan, masu gwangwan suka kwashe su. Gutsuren nan guda ɗaya Rabi ta sa mini shi a waya, ta ajiye shi kuma a wurare uku da ba su haɗa gini ba. Kawu ne a zaure, homa a bayansa. Yana gyaran murya sau biyu, ya juyo da makafin idanunsa wajen da yake jin numfashina, ya ce, "To ɗan Inno, ina munka tsaya?" Daga nan sai hoton ya yanke. Nakan kunna shi fiye da yadda ya kamata.

Na sa a buga wannan babi daban, a kai wa Ɗantani, jikansa ya karanta masa a gaban mutanen gida. Ban san ko zai yafe ba, kuma ko ya yafe gulbin da Kawu ya tafi da shi ba zai dawo ba. Inno, ke ban da bakin da zan roƙe ki, sai wannan takarda. Ku sauran kuma abin da nake nema gare ku kaɗan ne. In wanda kuka haifa ya zo muku da faifai biyu ya ce wannan ne daidai, ku tambaye shi dalili, ku saurara har ya gama, ko da akwai mutane a benci. In kuma an ce ku jira Asabar, don girman Allah ku jira.